Murhun itace na ɗumama ɗaki yana wari: ta ina ake fara bincike?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Masu aikin ƙarfe da magina, ina neman shawara. Murhun ɗumama falo ne a Tilden Fulani, irin akwatin ƙarfen nan mai ƙofa da ake cusawa cikin ramin murhun gini, hayaƙi ya bi dogon ginin bulo ya fita saman kwano. Wari uku yake yi. Tun watan Agusta, ko babu wuta a ciki, falon warin kwalta yake yi mai tsami-tsami. In an kunna, minti 10 na farko hayaƙi ɗaki yake dawowa. In wutar ta kama sosai kuma sai wani ƙauri mai kama maƙogwaro ya taso. An ce a riƙa sa turaren wuta, to sai ma abin ya cakuɗe.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam Hajiya. A fara ajiye turaren nan, don hancinki ne ma'aunin da za a yi aikin da shi. Kin kyauta da kika faɗi lokacin da kowane wari ke zuwa, a nan amsar take. Warin da ake ji murhu na sanyi, daga cikin hanyar hayaƙi yake saukowa. Hayaƙin lokacin kunnawa matsalar jan iska ce, wato yadda hanyar hayaƙi ke zuƙar iska da hayaƙi ta yi sama da su. Ƙaurin da ke zuwa sai ƙarfe ya yi zafi, wani abu ne a jikin murhun ko kusa da shi yake toyewa. Tambaya ɗaya kafin komai: an haɗa bututun ƙarfe daga bakin akwatin har ƙarshen ginin a sama, ko akwatin kawai aka tura ciki aka bar hayaƙi ya nemi hanya da kansa? Kuma faɗin ramin ginin nawa ne?

Maman Ilham: Guntun bututu ne mai faɗin inci 6, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Ramin ginin an ce ƙafa ɗaya ne kowane ɓangare.

Injiniya Bala: To ga uwar matsalar. Bakin bututu mai inci 6 filinsa inci 28 ne murabba'i. Rami mai inci 12 sau 12 kuwa 144 ne, ya ninka shi sau biyar. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi a Amurka ita ce kada ramin ya wuce ninki uku, in kuma ginin yana jikin bangon waje inda iska ke bugunsa, kada ya wuce ninki biyu. Hayaƙi na fita daga ɗan bututun sai ya baje a cikin fili, gudunsa ya ragu, ya huce. Da zarar zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 120 na ma'aunin Celsius (120°C) ko kusa da haka, tururin ruwa da man itacen da bai ƙone ba sai su koma ruwa su manne a bango. Wannan baƙin danƙon shi ne mai warin kwalta. Bulo kuwa yana tsotse shi. Da damina ta zo, laima ta jiƙa shi, iska ta sauko ta ramin, sai ta kawo warin falo. Shi ya sa ya tsananta a Agusta.

Gyara na gaskiya: a kankare ramin, a zura bututu mai inci 6 tun daga akwatin har sama ba yankewa, a toshe sararin da ya rage tsakanin bututun da ginin da farantin ƙarfe, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama.

Ɗanjuma Mai Burodi: Injiniya, wannan hanya mai tsawo ce. A gidajen burodi in bututu ya yi danƙo, wuta ake ƙara masa sosai a watsa gishiri kamar gwangwani ɗaya, ya ƙone ya zubo da kansa.

Injiniya Bala: Malam Ɗanjuma, don Allah kada a ba mai gidan kwana wannan shawara. Danƙon nan makamashi ne. In ya kama a cikin rami zafinsa na iya haura digiri 1000, ya tsaga bulo, ya lanƙwasa bututu, ya watsa tartsatsi kan rufi. Tandar burodi a fili take, ba silin, ba labule, ba yara a ɗakin gefe. Gishiri kuma abin da ya fi iyawa shi ne cin ƙarfe da tsatsa.

Baba Magini: Na goyi bayan Injiniya. Bari in ƙara yadda ake gane matakin da abin ya kai, don ba duka ake sharewa iri ɗaya ba. Murhu ya kwana ba wuta, a hau sama da tocila da doguwar sanda mai ƙarfe a baki, a karci bangon ciki. In gari ne baƙi mai laushi, kunkunniya ce kawai, burushin waya ya isa. In ɓawo ne mai ƙyalli yana ɓarewa gutsi-gutsi, sai an sa ƙarfi da burushi mai tauri da abin kankara. In kuwa ya zama sulɓi mai sheƙi, ya daskare ƙarfe na zamewa a kansa, burushi ba ya taɓa shi, kuma shi ne mai haɗarin gobara. Bututun ƙarfe da ya kai haka, cire shi a sa sabo ya fi araha. Kauri ya kai milimita 3, a daina kunnawa sai an share.

Kafin shara a fito da akwatin gaba ɗaya daga ramin. Bayansa da samansa ne datti ya fi taruwa, kuma nan ne ba wanda ke leƙawa. A liƙe bakin ramin da leda ko tsohon bargo mai laima, mai aikin ya rufe hanci da baki, a yi sharar daga sama zuwa ƙasa, a bari ƙura ta lafa kafin a buɗe.

Ku duba kan ginin kuma. Yawanci za a tarar ba hula, wato murfin da ke kare bakin hanyar hayaƙi daga ruwan sama, ko filastar saman ta tsattsage ruwa na bi. Ruwan sama da toka da danƙo in suka haɗu, tsamin nan da Hajiya ta ce ke nan.

Sabo Walda: Maganar hula, ga yadda ake yinta. Faɗinta ya zarce bakin bututu da inci 3 ko 4 kowane gefe, a ɗora ta kan ƙafafu, tsakaninta da bakin bututun a bar tazarar inci 5 zuwa 6. Wasu suna danne ta kusa don tsoron ruwa, sai ta shaƙe hayaƙin. A zagaye da raga mai idon rabin inci zuwa inci uku bisa huɗu. Ragar sauro ta taga ba ta yi, kunkunniya na toshe ta nan da nan.

Amma ni ƙaurin nan na uku ya fi tsaya mini. Hajiya, wane irin fenti ne a jikin akwatin, kuma guntun bututun baƙin ƙarfe ne ko farin nan mai zane-zane irin na bokiti?

Maman Ilham: Fentin baƙi ne mai sheƙi. Bututun fari ne, yanzu wajen gindinsa ya yi gari-gari.

Sabo Walda: Biyun duk ba daidai ba. Mai sheƙi fentin mai ne na ƙofa da taga, ko na mota. Ba ya jure zafin murhu, duk ranar da aka kai shi wani zafin da bai taɓa kaiwa ba sai ya sake ƙauri, ya yi ƙuraje ya ɓare. A fito da akwatin tsakar gida, a goge shi da burushin waya na giranda har ƙarfe ya fito, a share da tsumma, a fesa fentin zafi, wanda aka rubuta 600°C ko 650°C a gwangwaninsa. Feshi mara kauri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya. Shi ma zai yi wari da ɗan hayaƙi a farko, amma nasa mai ƙarewa ne: ƙaramar wuta ta ƙirare a bari ya huce, matsakaiciya a bari ya huce, sannan babba. In da hali duk a yi a waje kafin a mayar da shi.

Farin bututun kuwa an lulluɓe shi da zinki ne. Garin da kika gani zinkin ne ya ƙone. Kusa da murhu baƙin ƙarfe ake sawa, kaurin milimita 1 zuwa 1.5, ko ƙarfe mara tsatsa (stainless) in aljihu ya kai. Kuma wajen haɗawa, bakin da aka matse ya kalli ƙasa, na sama ya shiga cikin na ƙasa. Da yawa suna juyawa wai don kada hayaƙi ya fita, sai baƙin ruwan ya riƙa bin bayan bututu yana ɗiga kan murhu yana toyewa. Wannan kaɗai ya isa ya cika ɗaki da wari. Kowace gaɓa a ɗaure da sukuru 3.

Ɗanjuma Mai Burodi: Oga Sabo, ai ku masu walda kullum kuna ƙona farin ƙarfe, ku sha madara ku kwana lafiya.

Malama Rakiya: Madara ba ta kare huhu, ciki take tafiya, hayaƙin kuwa ƙirji ya shiga. Hayaƙin zinki na kawo zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon jiki bayan wasu awanni, da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Yakan sauka cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake ɗauka madarar ce ta yi aiki, wani kuma ya ce maleriya ce.

Abin da ya fi damuna a bayanin Maman Ilham shi ne hayaƙin da ke dawowa ɗaki. Inda hayaƙi ya iya dawowa, iskar kabon monoksaid ma za ta dawo, ita kuwa ba wari ba launi. Ta fi yawa lokacin da harshen wuta ya mutu ya rage garwashi, daidai lokacin da bututu ke hucewa jan iska ya yi rauni, mutane kuma sun rufe tagogi sun kwanta. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. In mutum biyu ko uku a gida suka ji haka lokaci guda, suka kuma ji sauƙi da fita waje, kada a tsaya shan magani, a fita da kowa, a buɗe ko'ina, a tafi asibiti a faɗa musu an kwana da wuta. Akwai na'ura mai batir da ke ƙara in iskar ta taru. A sa ɗaya a falon, ɗaya kusa da ɗakin kwana, a duba ranar ƙarewar aikinta a baya. Har a gama gyara, ni dai shawarata kada a kunna murhun nan.

Injiniya Bala: Gaskiya ne Malama. Ga gwajin jan iska, ba ya cin ko kwabo. Murhu na sanyi, a rufe ƙofofi da tagogi yadda aka saba da dare, a buɗe ƙofar murhun, a kunna turaren tsinke a riƙe a bakinsa. Hayaƙin ya shige ciki, lafiya. Ya tsaya ko ya yo ɗaki, iska saukowa take. Sai a buɗe taga mafi kusa kamar faɗin yatsu uku a sake gwadawa. In ya juya ya shige, gidan ne ke ƙarancin iska: ko fankar zuƙe hayaƙi ta kicin ko ta banɗaki na aiki, ko gidan bene ne iska mai ɗumi na tsiyaya ta sama tana jawo wata ta ramin murhu. Maganin wannan ƙaramar kafar iska ce daga waje, ƙasa-ƙasa kusa da murhun. In buɗe tagar bai canza komai ba, laifin na sama ne, ko toshewa ko gajarta.

Tsawo kuma akwai lissafinsa. Bakin bututu ya haura inda ya huda rufi da ƙafa 3 aƙalla, kuma ya ɗara duk abin da ke cikin tazarar ƙafa 10 da ƙafa 2, ko tsororuwar kwano ce ko tankin ruwa. A wajenmu a kula da gabas maso arewa, inda iskar hunturu ke fitowa. Bishiyar mangwaro ko ginin maƙwabci da ya fi bututun tsawo a wannan ɓangare yana sa iska ta karyo ta faɗo kan bakinsa. Gwiwa kada ta wuce biyu, kuma duk inda bututu ya kwanta ya riƙa hawa, aƙalla inci ɗaya cikin kowace ƙafa 4.

Lokacin kunnawa kuma a ɗumama hanyar tukuna. A naɗe takarda a kunna a riƙe ta sama daidai bakin bututun na minti ɗaya ko biyu, in an ji ta fara ja sai a kunna itacen. Manyan faskare a ƙasa, ƙirare a sama, a kunna daga sama, kafar iskar jikin murhun a buɗe duka har wuta ta kama.

Ɗan'azumi Mai Itace: Kowa ya yi maganar ƙarfe da bulo, ba wanda ya tambayi abin da ake zubawa ciki. Rabin danƙon nan daga ɗanyen itace yake. Sabon sara kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wanda ake so kuwa laimarsa ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Matsalar lokaci ce: sanyi na shigowa a Nuwamba, itacen da ke kasuwa lokacin yawanci ya sha damina, bayansa ya bushe cikinsa da ruwa. Mai son wuta mai tsabta a Disamba tun bazara yake saye ya faskara ya jera kan duwatsu ko tsohon ƙarfe, ya rufe sama kawai ya bar gefe iska na ratsawa. Busasshe bakinsa ya tsattsage, ba nauyi, in ka gwara biyu ƙara suke yi ƙwal. Ɗanye in ya shiga wuta za ka ji yana tsuwa, kumfa na fita ta ƙarshensa.

Marke da ƙirya sun fi kowa garwashi, sai dai ƙirya na daɗewa ba ta bushe ba in ba a faskara ta ƙanana ba. Maje na da ƙaro, yana kamawa da sauri amma yana baƙanta bututu, a bar shi a abin kunnawa. Tinya da tumfafiya, duk mai farin ruwan nan, kada su shiga murhun ɗaki. Kashu ma hayaƙinsa na sa ƙaiƙayi da yajin ido.

Ɗanjuma Mai Burodi: Dogonyaro fa? Shi ya fi samuwa a cikin gari, kuma ana cewa shi ke sa ɗaci.

Ɗan'azumi Mai Itace: Ɗanyensa da ɓawonsa ne ke hamami. In ya bushe sosai itace ne mai kyau. Wanda ya kamata a guda shi ne ragowar katakon gini da ake kwasowa da arha. Na rufi an shafe shi da baƙin mai ko maganin gara. Filawud da katakon kabad duk gam ne a ciki. Guntun turken wutar lantarki da katako mai launin kore-kore an jiƙa su da guba, har tokarsu ba a zubawa a lambu. Katakon da ake ɗora kaya a kai, a duba tambarin jikinsa: HT da zafi aka gasa shi, MB da iskar magani aka turara shi, a bar shi. Sai masu fesa fiya-fiya kan tarin itace don gara, sannan su kai shi murhu. Da masu kunnawa da leda ko guntun silifa. Roba irin ta fayif in ta ƙone hayaƙinta na cin ƙarfen bututun ma, balle ƙirjin mutum.

Abban Sadik: Namu daban ne. Ba kwalta ba, wani zarni ne, wani lokacin ɗoyi, kuma ƙudaje na taruwa a gilashin ƙofar.

Baba Magini: Zarni kashin jemage ne, sun mayar da ramin ɗaki tun da aka daina kunnawa. Ɗoyi da ƙuda kuwa wani abu ya faɗa ya mutu, tsuntsu ko ƙadangare ko ɓera. Ka ɗaga farantin da ke kwance a saman cikin akwatin, wanda ke karya harshen wuta, bisansa suke maƙalewa. Kada ka ce wuta za ta cinye, in da sheƙa a sama ciyawar ce za ta kama. Ka sa safar hannu, ka rufe hanci, ka yayyafa wa kashin ruwa kafin ka kwashe don kada ƙurarsa ta tashi. Jemagu kuma a bari su fita da magariba sannan a sa raga, in ba haka ba ka rufe su a ciki ka sayi ɗoyin wata guda. Ka haska bututun ka duba gidan zanzaro, yana rage faɗin hanya ba a sani ba.

Sabo Walda: Saura wari biyu da ba a jira da su. Ƙarni mai haɗe da ƙaurin roba, waya ce ko soket ke narkewa, ko ta fankar murhun in mai fanka ne, ko wadda aka bi da ita cikin silin kusa da bututu. A kashe wutar gidan a duba. Na biyu ƙaurin katako alhali itacen ciki bai kai ya yi wannan warin a ɗaki ba. Bututu mai bango ɗaya yana son inci 18 tsakaninsa da duk abin da ke cin wuta, katakon rufi, silin roba, labule. Katakon da ya shekara yana gasuwa kamawarsa ta fi ta sabo sauƙi. A leƙa cikin silin da tocila, wanda ya yi duhu-duhu a yanke shi a matsar. In wuta na ci ka ɗora tafin hannu a bango ko allon saman murhu ka kasa barinsa, ya yi kusa.

Ƙaurin ƙura na ranar farko bayan an daɗe ba a kunna ba, wannan ba komai, goge saman akwatin da tsumma mai laima kafin kunnawa yana rage shi.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Ƙofar kuma tana ɗan sakin hayaƙi ta gefe, ita ma sai an canza?

Sabo Walda: Ba lallai ba Hajiya. Murhu na sanyi, ki sa takarda a bakin ƙofar ki rufe ki ja, ki gwada sama da ƙasa da gefe biyu. Inda ta zare ba turjiya, igiyar da ke zagaye da ƙofar ta mutu a wurin. A cire tsohuwar, a kankare kwarin, a sa sabuwa mai kauri ɗaya da ita da gam ɗin zafi, kada a ja ta wajen sawa don tana sirancewa, a rufe ƙofar ta kwana kafin wuta. In tsohuwar fara ce mai rugujewa kuma murhun tsoho ne, a jiƙa ta kafin a taɓa, don akwai na da da aka yi da asbestos, wani abu mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu. In an sa sabuwa takarda ba ta daina zarewa ba, ƙofar ce ta karkace ko maƙullin ya saki, wannan aikinmu ne.

Amma ki sani, murhun da ke jan iska daidai, ko da 'yar kafa a ƙofa iska ce ke shiga ta nan, hayaƙi ba ya fita. Don haka bututun za a fara yi.

Baba Magini: Bayan an zura bututun an toshe sama da ƙasa, bulon da ya riga ya sha danƙo zai ɗan ci gaba da wari damina ɗaya, amma ba shi da hanyar shigowa falo in farantin ƙasa ya zauna daidai. A liƙe gefensa da yumɓu da yashi ko simintin zafi, siminti na gini tsagewa yake. Sanyi na wucewa a kwashe toka duka a bokitin ƙarfe mai murfi, a ajiye waje nesa da itace, don garwashi na kwanaki a cikinta da rai. A share bututu a lokacin, ba sai Nuwamba ba, a rufe kafar iska da ƙofa kafin ruwan farko.